Ba Warin Akirilik Ne Ya Kashe Babana Ba

Ina tsaye gaban allo a makarantar 'yan matan da nake koyarwa a Garki, alli a hannuna, wayata ta shiga kuka a cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, duk wanda ya san ni ya san haka, shi ya sa da ta ƙi yin shiru na ji gabana ya faɗi. Baba Bitrus ne, abokin aikin mahaifina a shagon ƙafar roba da suke da shi a Dutse. Mutum ne mai yawan raha, amma ran nan ko gaisuwa bai iya ƙarasawa ba. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ki taho gida. Malam ya riga mu gidan gaskiya." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ajiye allin, na fita ban ko sallami ɗalibaina ba. Kafin motar da na shiga ta iso Dutse har an yi masa sutura, ni kaɗai ake jira in yi masa addu'a a ɗauke shi.

Mahaifina, Malam Yakubu, ya cika ne da hantsi a kan bencin ƙofar shagonsa. Ya nemi ruwa, kafin a kawo ya jingina da bango, shi ke nan. Hawan jini ya daɗe tare da shi. Likita ya hana shi gishiri, ya ce to, ya ci gaba da ɓoye ƙullin yajin ƙuli a aljihun rigarsa. Ni da shi mun sha faɗa a kan wannan ƙulli. Kwana ya ƙare, kuma mun karɓi hukuncin Allah hannu biyu.

Abin da ban karɓa ba, kuma ba zan karɓa ba, shi ne maganar da na fara ji tun a zaman makoki. Ina zaune a tsakar gida cikin mata, wata ta sunkuyo ta ce da ta kusa da ita, "Ai warin wannan ruwan nasa ne ya cinye masa ƙirji." Kafin sadakar uku maganar ta zaga unguwa, ta fita waje wurin maza, ta dawo da ƙari. Wai ruwan akirilik ɗin da yake ƙera ƙafa da shi ne ya daskare masa a huhu. Waɗanda ko ƙofar shagon ba su taɓa takawa ba, su ne suka fi kowa sanin abin da ya kashe shi. Na yi shiru a lokacin domin gidan makoki ba wurin musu ba ne. Yanzu an share makoki, ni kuwa ba a haife ni da haɗiye magana ba.

Babana ɗan gidan malamai ne na Kafin Hausa. Kakanmu yana da makarantar allo, kuma duk 'ya'yansa a gabansa suka sauke Alƙur'ani. Baba ya sauke kamar kowa, sannan ya ce zai karanta kimiyyar haɗa sinadarai. An yi fushi da shi, an yi masa nasiha, an tura masa dattawa. Amsarsa ɗaya ce har ya mutu: "Wanda ya saukar da Littafi shi ya halicci iska, ban ga inda ya ce in karanta ɗaya in bar ɗaya ba." Ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. A shekarunsa na ƙarshe a aiki wani tsohon ɗalibinsa ya rasa ƙafa a hatsarin babur, aka yi ta yawo da shi har Kano ana neman ƙafar roba, da aka samo kuma ta ƙi zama. Abin ya tsaya wa Baba a rai. Ya nemi Baba Bitrus, mutumin Filato da ya yi aiki a sashen ƙashi na asibiti har shi ma ya ajiye aiki, ya zauna a Dutse da iyalinsa. Baba Bitrus ya san ƙashi da tsoka, Baba ya san ruwan da ake ƙera kwanson ƙafa da shi. Suka kama shago.

Kwanso shi ne gurbin da dungun mutum yake shiga ya zauna, kuma shi ne ran ƙafar roba. In ya yi daidai mutum ya manta da shi, in ya kuskure ya ci masa fata. Da ruwan akirilik ake yin sa, wani ruwa mai kauri kamar zuma, mai ƙarfin wari. Ba zan ɓoye ba, warin nan ba abin wasa ba ne, kuma Baba ya fi kowa sanin haka. Shi ya sa ya fasa bango ya ƙara tagogi, ya sa fanka mai fitar da iska waje, kuma ba ya buɗe gwangwani sai da takunkumi a fuskarsa. Mutumin da ya taɓa korata daga shago don na shigo ba takunkumi, shi ake cewa ya zauna yana shaƙar ajalinsa.

A wannan shago na koyi abin da digirina na kimiyya bai zaunar mini a kai ba. Baba yakan ce ruwan akirilik taron ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana zaman kanta. In ka zuba masa farar hodar da ke sa shi daskarewa, sai hodar ta farfashe ta saki wasu 'yan gutsattsari masu hannu a sake. Gutsure ya cafki ƙwaya ɗaya, ita kuma hannunta ya saku ta cafki ta kusa, haka haka har a yi doguwar sarƙa, ruwa ya zama dutse. Matsalar ita ce oksijin da ke cikin iskar da muke shaƙa. Yakan ce, "Inna," don sunan mahaifiyarsu gare ni, ba ya iya faɗarsa, "kin san mutumin nan mai doguwar gaisuwa? Ana tsakiyar miƙa tubali a wurin gini, ya zo ya kama hannunka, ina gida, ina gajiya, ina labari, ya ƙi saki. To shi ne oksijin. Ya fi kowace ƙwaya saurin cafke hannun, in ya riƙe kuwa aiki ya tsaya." Shi ya sa in an dama ruwan yakan yi tsit na ɗan lokaci kamar ba abin da ke faruwa, sai oksijin da ke cikinsa ya ƙare sannan ya fara ɗumi ya kama jiki. Fuskar da ke kallon iska kuwa ba ta gama daskarewa, kullum sabon mai gaisuwa yana zuwa. Duk wanda ya zo koyon aiki sai Baba ya sa shi ya taɓa ragowar ruwan da ya kwana a kofi: ƙasa tauri kamar ƙaho, sama danƙo yana kama yatsa.

Da na fara fahimta sai na ce ashe oksijin maƙiyinmu ne. Ya harare ni ta saman tabarau. Ya ɗauko gwangwani ya girgiza a kunnena, ya ce in ji, bai cika ba, kuma da gangan ne. Akwai maganin da masu yin ruwan suke sakawa don kada ya daskare a ajiye, amma maganin nan ba ya aiki sai da oksijin. In ka cika gwangwani har baki ka toshe, ka kuma bar shi a zafi, ɗan oksijin da ke ciki zai ƙare, ruwan ya kama kansa da kansa. "Kowane abu da wurinsa," in ji shi. "A gwangwani ki bar wa iska ɗaki, a kan aiki ki kore ta." Gwangwanayensa a ƙasa suke zama, a inuwa, kusa da randa.

Wasu a wurin ta'aziyya sun yi ta cewa marigayi mutum ne mai sanyin hali. Allah ya saka musu da kyakkyawar niyya, amma ba babana suke nufi ba. Baba mai kafiya ne, kuma da kafiyarsa nake alfahari. Na ga ranar da ya gama kwanso, ya ɗaga shi a rana, ya hango ƙurjin iska a gefen da nauyi zai sauka. Mai ƙafar yana zaune, ya zo tun daga nesa, yana roƙo a ba shi haka nan. Baba ya ɗauki zarto ya raba kwanson biyu a gabansa, ya ce, "Gara ka zage ni yau da ka faɗi a kasuwa gobe." Ba a cewa gurgu a shagonsa, ko da wasa. Kuma duk girman shekarunsa, a durƙushe yake duba dungun mutum, ya riƙe shi da hannu biyu kamar yadda ake karɓar jariri.

Akwai shekarar da wani mai neman kujera ya aiko yaransa, wai a yi masa ƙafafu masu yawa cikin gaggawa, duk awo ɗaya, za a raba a taro a ɗauki hoto. Baba ya saurare su har suka gama. Ya ce, "Ku gaida shi. Ku ce masa ƙafa ba buhun taki ba ce da za a jibge a fili kowa ya ɗauka. In yana son lada, ya turo mutanen ɗaya bayan ɗaya in auna su." Ba su dawo ba, kuma wasu daga cikin danginmu sun daɗe suna yi masa gorin wannan rana.

Aikin da mutuwa ta tarar a hannunsa shi ne na Malam Hudu, wani manomi daga Taura wanda ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa a ƙasan gwiwa. An auna shi, Baba Bitrus ya fitar da siffar dungunsa da farar filasta irin ta ɗaurin karaya a asibiti, saura zuba ruwa kawai. Baba ya yi masa alkawarin zai taka gonarsa da ƙafa biyu kafin ruwan shuka. Malam Hudu ya zo gaisuwa a kan sanduna. Bai tambayi ƙafarsa ba, mutum ne mai kunya, amma da zai tafi na ga ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙofar shagon a kulle.

Makullin yana hannun Baffa Alaramma, yayan Baba, wanda ya gaji makarantar kakanmu. Ina girmama shi, shi ya yi mini huɗuba, kuma na san kukan da ya yi a kan ƙaninsa. Amma maganar nan ta wari ta shige shi. Ya yanke cewa za a rufe shagon, kuma kafin rabon gado ya sa aka je aka kintsa kaya. Waɗanda aka aika suka tarar da gwangwanaye duk rabi rabi, suka ga wannan ai ɓarnar wuri ce. Suka juye su cikin babba ɗaya har baki, suka naɗe murfin da leda suka ɗaure da roba don kada wari ya fita, suka kai ɗakin ajiya na baya mai rufin kwano, a tsakiyar bazarar Dutse. Da kyakkyawar zuciya suka yi. Garin neman gira aka rasa ido.

Sai wajen arba'in na samu Baffa ya yarda ya buɗe mana, ni da shi da Baba Bitrus. Gwangwanin ya kumbura, ledar ta yamutse. Da aka ɓalle murfin, abin da ke ciki ya zama dunƙule ɗaya, ko ƙusa ba ta shiga. Baffa ya ja da baya, ya ce, "Kin gani da idonki, Inna? Abin da ya yi haka a cikin ƙarfe, me kike zaton ya yi a ƙirjin ɗan'uwana?"

Na durƙusa kamar yadda aka koya mini, amma muryata ba ta durƙusa ba. Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ka yafe mini in na ɗaga murya. Wannan ya daskare ne saboda an hana shi iska. Ƙirjin mutum kuwa ba abin da ke cikinsa sai iska. Hawan jini ne sanadin Baba, kai ma ka san da shi, kai kake yi masa tofi in kansa ya sara."

Ya ce, "Ko ma mene ne, shago ya mutu da mai shi. Ke mace ce, kina da aikinki, kina da gidanki. Ga kayan ma sun lalace."

A nan Baba Bitrus ya yi gyaran murya. Ya ce, "Alaramma, ba duka ba ne." Ya shiga ya sunkuya bayan randa ya jawo wani ƙaramin gwangwani da masu kintsawa ba su gani ba. Ya girgiza, muka ji ruwa yana motsi. Ya ce, "Malam ya ware wannan don mutumin Taura. Na ƙafa ɗaya ne, ba ƙari. In ya lalace, shi ke nan." Na ce da Baffa abu ɗaya nake roƙo: ya bar ni in cika alkawarin Baba, kuma ya zo ya zauna ya gani. In aikin ya ɓaci, da hannuna zan sa kwaɗo in miƙa masa makulli. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce alkawarin mamaci ba abin wasa ba ne, zai zo.

Ranar Asabar da safe muka yi, kafin rana ta yi zafi. Na buɗe tagogi, na kunna fanka, na miƙa wa Baffa takunkumi. Ya dube shi ya dube ni, ya ɗaura a kan gemunsa. Baba Bitrus ya kafa siffar filasta, muka sa mata ledar ciki, muka jera safa a kai ninki bisa ninki, muka rufe da ledar waje. Na auna hoda, na rage kaɗan saboda zafin gari kamar yadda Baba yake yi, na dama, na zuba ta sama na ɗaure. Aka tada injin zuƙe iska, wanda Baba ya haɗa da kansa daga injin tsohon firiji. Sau da yawa na yi wannan aiki, amma kullum da Baba a bayana yana cewa a hankali.

Ina cikin tatse ruwan zuwa ƙasa da igiya, sai na ji wani siririn sauti kamar tsaki. Ledar waje ta huje a gefe, iska tana shiga. Hannuwana biyu suna kan igiya, Baba Bitrus yana riƙe da bakin ledar, in ya saki komai ya zube. Ban san lokacin da na ce, "Baffa, yatsanka! Nan, danne nan!" ba. A rayuwata ban taɓa ba shi umarni ba. Ya miƙe, ya tattare hannun babbar rigarsa, ya ɗora babban yatsansa a kan hujin. Sautin ya ɗauke. Na tatse ƙurjin iskar da ya shiga zuwa sama har ya fita daga jikin aikin.

Muka tsaya haka mu uku. Can Baffa ya ce, "Inna, ba abin da yake yi fa." Na ce ya ƙara haƙuri, oksijin da ke ciki ne bai ƙare ba. Jim kaɗan na ga girarsa ta ɗaga. Ya ce, "Ikon Allah. Ya ɗauki ɗumi kamar jikin mai rai." Bai ɗaga yatsan ba har sai da na ce ya isa, kuma ko da na ce, sai da ya ƙara jinkirtawa.

Kwanson ya fito sumul, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa. Na kawo wa Baffa kofin da na dama ruwan a ciki, na ce ya taɓa saman ragowar. Ya kama masa yatsa. Ya taɓa kwanson, ya sake taɓa kofin, ya goge hannunsa. Ya ce, "Ni dai ban ce na yarda da komai ba." Na ce ban nema ba. Da zai fita ya sa takalmansa, ya yi wa Baba addu'a a bakin ƙofa, ya tafi. Makullin yana kan benci inda ya ajiye shi da safe, kuma Baffa ba mutum ne mai mantuwa ba.

Malam Hudu ya zo gwaji a mako na gaba. Baba Bitrus ya ɗaura masa, ya daidaita tsayi, ya ce ya tashi. Ya tashi, ya yi taku zuwa ƙofa yana dafe da bango, ya dawo bai dafa ba. Ya zauna ya rufe fuskarsa da hula, muka ba shi wuri. An yi ruwan shuka, kuma ɗansa ya gaya mini da kansa ya bi layi yana zuba iri, a hankali, yana hutawa.

Don haka ga amsata ga masu magana. Shagon Malam Yakubu a buɗe yake duk Asabar da Lahadi bayan Baba Bitrus ya taso daga coci, kuma ni ce a ciki. Mun aika a kawo sabon ruwa. Wanda yake ganin warin zai kashe ni, ya zo in ba shi takunkumi ya zauna ya gani. Wanda ya ce mace ba ta wannan aiki, ya je Taura ya tambaya. Ku faɗi duk abin da kuke so a kaina, amma kada wanda ya ƙara cewa aikin babana ne ya kashe shi.

Ya Allah, ga bawanka Yakubu ya zo gare ka, ba shi da abin dogaro sai rahamarka. Ka gafarta masa, ka yafe masa zafin zuciyarsa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Alƙur'anin da ya sauke a gaban mahaifinsa ya cece shi. Ka ba mahaifiyarmu haƙurin zama a ɗakin da ya yi mata faɗi, ka haɗa kan ƙannena, ka ƙara wa Baffa lafiya da nisan kwana, ka saka wa Baba Bitrus da alheri a kan amanar da ya riƙe. Ni kuma ka ba ni ƙarfin hannu da gaskiyar aiki. Baba, ka tsayar da bayin Allah a kan ƙafafunsu a nan duniya. Allah ya tabbatar da dugaduganka a kan siraɗi. Amin.